Daga Layin Zaɓe Zuwa Ƙofar Kansila: Tambayoyi da Amsoshi Kan Musulmin Jos da Harkar Siyasa

Na daɗe ina cikin masu zagaya makarantun Islamiyya na dare da majalisun unguwa muna jan hankalin jama'a su yanki katin zaɓe, daga Gangare zuwa Unguwar Rogo, daga Rikkos zuwa Bukuru. Duk inda muka shimfiɗa tabarma, tambayoyin kusan iri ɗaya ne, bakin mai yi ne kawai yake canzawa. Waɗanda suka fi dawowa su na tattara a nan. Abin da ya shafi addini na kawo shi yadda malamanmu suke karantarwa, na doka yadda yake a rubuce, inda kuma ra'ayina ne zan ce nawa ne.

Malam, wai da gaske shigarmu siyasa ƙaruwa take yi, ko dai hayaniya ce ta yi yawa?

Ta ƙaru, kuma wanda ya manyanta a garin nan ya ga ƙaruwar da idonsa. Ba yau Musulmin Arewa ya fara siyasa ba. Tun 1950 Malam Aminu Kano da abokan tafiyarsa na NEPU suke koya wa talaka cewa yana da bakin magana a kan wanda zai mulke shi. Jos kuwa gari ne da manyan al'amuran siyasar ƙasar nan suka sha sauka a cikinsa: a nan SDP ta tsayar da Abiola a 1993, a nan PDP ta tsayar da Obasanjo a 1999. Amma a zamanin iyayenmu siyasa ta maza ce, kuma ta wasu tsirarun maza. Macen Arewa ba ta jefa ƙuri'a ba a duk jamhuriya ta farko. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka buɗe mata ƙofa, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar mata. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka saboda wannan haƙƙin da yau wasu suke barinsa a ƙarƙashin katifa.

Abubuwa uku ne suka sauya a zamaninmu. Malamai sun daina ɗari-ɗari da maganar rajista, har ta zama cikin sanarwar bayan sallar Juma'a. Mata sun cika layi. Matasa kuma sun samu waya da rediyo, suna tuhumar shugaba kai tsaye.

Sai dai kar mu ruɗi kanmu. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suke da rajista a Najeriya, waɗanda suka fito ba su kai miliyan 25 ba, wato kusan kashi 27 cikin 100. Kuma ko cikin waɗanda suka fito, nawa ne suka sake waiwayar wanda suka zaɓa? Abin da ya girma a wurinmu shi ne ranar zaɓe. Sauran kwanakin shekara huɗun har yanzu jarirai ne, kuma yawancin abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan yake.

Shin addini ya yarda da zaɓe? Mun ji masu cewa dimokuraɗiyya tsarin kafirci ce.

Wannan tambaya ba ta wasa ba ce, kuma ban taɓa raina mai yin ta ba, don yawanci tsoron Allah ne ya sa ya tambaya. Manyan ƙungiyoyin Musulmin ƙasar nan, Jama'atu Nasril Islam da Majalisar Ƙoli ta Harkokin Musulunci da Izala da shehunan ɗariƙu, duk da saɓanin da ke tsakaninsu a wasu mas'aloli, sun haɗu a kan kiran mabiyansu su yi rajista su yi zaɓe. Marigayi Sheikh Abubakar Gumi tun shekarun 1980 yake matsa wa magidanta su bar matansu su yanki kati. Izala kanta a nan Jos aka kafa ta a 1978 ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris, kuma kowa ya san yadda take ɗaukar maganar katin zaɓe da zafi.

Hujjojin da suke kafawa sanannu ne. Allah ya yabi muminai da cewa al'amarinsu shawara ne a tsakaninsu, a Suratus Shura aya ta 38. Annabi Yusuf, alaihis salam, ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasar Masar alhali sarkin ba a kan addininsa yake ba, saboda ya san zai tsare amana ya ceci mutane daga yunwa. Sannan akwai ƙa'idar da malaman fiƙihu suke yawan ambata, ta ture babbar ɓarna da ƙarama. Ba wanda ya ce tsarin nan ba shi da aibu. Abin da suke cewa shi ne, ko ka shiga ko ba ka shiga ba, wani zai hau kujerar, shi zai yanke hukuncin kuɗin makarantar ɗanka da maganin asibitin matarka da filin maƙabartar unguwarku.

Mun kuma ga inda ɗaya hanyar take kaiwa. Waɗanda suka kafirta mai zaɓe da mai aikin gwamnati su ne daga baya suka ɗauki makami. Bama-baman kasuwar Taminus na Mayun 2014 da harin masallacin 'Yan Taya cikin azumin 2015, ana tsakiyar tafsiri, ba labari aka ba mu ba.

Me ya sa siyasar Jos ta Arewa take da zafi haka? Kujerar ciyaman ce fa kawai.

Ba kujerar ba ce kawai, abin da ke ƙarƙashinta ne. Ƙaramar hukuma ita take ba da takardar shaidar zama ɗan ƙasa, wadda muke kira indijin, kuma da wannan takarda ake neman gurbin karatu da tallafin ɗalibai da aikin gwamnati da shiga soja ko ɗan sanda. Wanda ya riƙe ƙaramar hukuma ya riƙe alƙalamin da yake cewa wane ɗan gida ne, wane baƙo.

Gwamnatin Babangida ce ta ƙirƙiro Jos ta Arewa a 1991. Berom da Anaguta da Afizere, waɗanda suke ganin ƙasar ta kakanninsu ce, sun ɗauki abin a matsayin an yanka wa Hausawa yanki. Jasawa kuma, waɗanda kakanninsu suka zo tun zamanin haƙar kuza suka gina cikin gari, suna ganin ba su da wani gida sai nan. A Afrilun 1994 naɗin Alhaji Aminu Mato a shugabancin riƙon ƙaramar hukumar ya jawo rikici. A Satumban 2001 an sake faɗawa cikin wanda ya fi shi muni, bayan dogon ja-in-ja kan naɗin mai kula da shirin rage talauci. A Nuwamban 2008 zaɓen ƙaramar hukumar ne kansa ya zama wuta, sai kuma Janairun 2010. An kafa kwamitocin bincike ɗaya bayan ɗaya, na Mai Shari'a Fiberesima, na Niki Tobi, na Bola Ajibola, amma maganar indijin tana nan inda take. Bayan 2008 sai da aka shafe fiye da shekara goma ba a sake zaɓen ciyaman a Jos ta Arewa ba, ana ta naɗo shugabannin riƙo. Yaron da aka haifa lokacin rikicin ya kai sakandare bai taɓa ganin an zaɓi kansilan gundumarsa ba.

Na kawo wannan tarihi ne don mu gane dalilin da ya sa wasu dattawanmu suke jin faɗuwar gaba idan aka ce zaɓe. Sun binne 'ya'ya. Haka ma a Tudun Wada da Kabong da Unguwar Rukuba, unguwannin maƙwabtanmu Kirista, akwai iyayen da suka binne nasu. Duk siyasar da za mu yi a garin nan, in ba ta fara da sanin wannan ba, za ta sake kai mu gidan jiya.

Ba ni da takardar indijin ta Filato. Ina da ikon yin zaɓe ko tsayawa takara a nan?

Kana da shi. Hukumar INEC ba ta tambayar indijin. Ɗan Najeriya da ya cika shekara 18 yana yin rajista a inda yake zaune ko yake aiki ko inda ya fito. Sharuɗɗan takarar majalisa a tsarin mulkin 1999 su ne zama ɗan ƙasa, cika shekaru, karatu zuwa matakin sakandare, da jam'iyyar da za ta tsayar da kai. Sashe na 42 kuma ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko asalinsa.

An riga an rubuta sakamako tun kafin mu fito. Me zai sa in wuni a rana?

An sha yin maguɗi a ƙasar nan, ba zan ce maka ba a yi ba. Amma ka lura da wani abu: da ƙuri'a ba ta da daraja, da ɗan siyasa bai biyo dare yana sayenta ba.

Maguɗi ya fi samun wuri inda mutane suka jefa suka tafi gida. Shi ya sa taken nan na "a kasa, a tsare, a raka" ya kama bakin jama'a. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ba da damar amfani da na'urar BVAS mai tantance mutum da yatsa ko da fuska, kuma inda ƙuri'u suka fi yawan waɗanda na'urar ta tantance, soke sakamakon rumfar ake yi. Ana ƙirga ƙuri'a a gaban jama'a, a cike takardar sakamako, ejan-ejan na jam'iyyu su sa hannu su karɓi kwafi, a manna ɗaya a bango. A 2023 an samu tangarɗa wajen ɗora sakamakon shugaban ƙasa a intanet, abin ya ɓata wa mutane rai ƙwarai, kuma suna da gaskiya. Duk da haka takardar da aka manna a rumfarku, wadda mutum hamsin suka ɗauka a waya, tana da wuyar sauyawa a ɓoye.

A rumfar da na tsaya a wancan zaɓe, na'urar ta ƙi karɓar yatsan wata tsohuwa. Hannun ya sha wanki da surfe, zanen ya goge. Ta kwance bakin zaninta ta fito da katin a naɗe cikin leda biyu, ta miƙa, aka gwada sau uku. Yarinyar mai hidimar ƙasa ta ce, "Mama, ɗago fuskarki." Ta gyara mayafi ta kalli na'urar, ta karɓa. Da ta dangwala ba ta tafi ba. Ta samu dutse a gindin katangar makarantar ta zauna har aka ƙirga bayan la'asar, tana bin ƙirgan da leɓɓanta. Na ce, "Iya, ba za ki je ki huta ba?" Ta ce wanda ya kai tuwo makaranta ai yakan tsaya ya karɓi kwanonsa.

Dole ne in zaɓi Musulmi ɗan'uwana ko da ɗayan ya fi shi cancanta?

A nan ra'ayina zan faɗa, kuma na san akwai malaman da nake girmamawa da za su saɓa mini.

Neman wakilci ba laifi ba ne. Al'ummar da ba ta da kowa a ɗakin da ake rabo, labarin rabon kawai take ji. Musulmin Filato kuma ba Hausawan Jos kaɗai ba ne. Akwai mutanen Wase da Kanam masu sarakunansu, akwai Musulmi a Gindiri da Mangu da Shendam, akwai Yarabawan Nasarawa Gwom, akwai Fulani, akwai Berom da Afizere da suka musulunta. Daga cikinsu aka samu Sanata Ibrahim Mantu da ya zama mataimakin shugaban majalisar dattawa har zuwa 2007, da Ahmed Idris Wase da ya zama mataimakin kakakin majalisar wakilai daga 2019 zuwa 2023. A jamhuriya ta biyu Alhaji Aliyu Akwe Doma ne mataimakin Gwamna Solomon Lar. Tun da aka cire jihar Nasarawa daga Filato a 1996 lissafin ya sauya, kuma ƙorafin da ake yi kan ƙarancin Musulmi a manyan muƙaman jiha ƙorafi ne da ya cancanci a saurara.

To amma ga abin da lissafin yake koyarwa. Jihar nan ƙananan hukumomi 17 ce. Ba wanda zai zama gwamna da ƙuri'ar Musulmi zalla, haka ba wanda zai raina ƙuri'ar Jos ta Arewa da Wase da Kanam ya kwana lafiya. Ko kujerar majalisar wakilai, Jos ta Arewa da Bassa a haɗe suke. Ƙarfinmu yana wajen ciniki ne: mu zauna da ɗan takara tun kafin zaɓe, mu ajiye masa buƙatunmu a rubuce, makarantu, asibiti, magudanan ruwa, kasuwar Taminus da ta ƙone tun 2002, adalci wajen ɗaukar aiki, mu ga wanda zai amsa a bainar jama'a. Ƙuri'a shaida ce, kuma Alƙur'ani ya umarce mu mu mayar da amana ga ma'abotanta. Idan na san mutum ɓarawo ne na dangwala masa don sunansa irin nawa ne, na yi shaidar zur. Mun ga namu da suka hau suka manta hanyar unguwa, mun ga wanda ba namu ba da ya kwashe mana shara ya gyara mana titi. Mun kuma ga akasin haka. Aikin mutum ake dubawa da wanda ya kewaye shi.

Ya dace liman ya ambaci sunan ɗan takara a kan mumbari?

Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana yaƙin neman zaɓe a wuraren ibada, ta kuma hana a yi shi da sunan addini ko ƙabila. Tsarin mulki ma bai yarda a yi wa jam'iyya rajista da suna ko tambarin addini ba. Ban da doka, akwai hikima. A sahu ɗaya akwai ɗan APC da ɗan PDP da ɗan PRP, duk limaminsu ɗaya. Ranar da ya zama na ɓangare guda, sauran sun rasa mai yi musu nasiha. Kuma idan wanda ya tallata ya hau ya gaza, da wane baki zai tsawata masa? Aikin da ya fi kyau da malami shi ne ya koyar da siffofin shugaba nagari, ya tura mutane rajista, ya hana matasa ɗaukar makami, sannan bayan zaɓe ya zama mai iya shiga gidan gwamnati ya faɗi gaskiya ya fito hannunsa wayam.

An ba ni taliya da atamfa da 'yan dubbai. Mutane suna cewa ci kuɗinsu ka zaɓi ra'ayinka. Haka ne?

Na san halin da ake ciki. Ba zan tsaya a gaban uwar marayu biyar in yi mata dogon wa'azi kan ƙullin taliya ba. Amma a doka mai bayarwa da mai karɓa duk masu laifi ne, hukuncin da dokar 2022 ta ajiye ya kai tarar naira 500,000 ko ɗaurin wata 12 ko duka biyun. A hadisi kuma an la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa. Maganar "ci kuɗinsu" tana da daɗin ji, sai dai masu rabon sun waye: wasu rantsar da mutum suke yi, wasu sai sun ga hoton takardar da ka dangwala. Ko ba wannan, wanda ya saye ka yana ganin ya biya, ba ka bin sa bashin komai. Raba naira 5,000 a kwanakin shekara huɗu, ba ta kai naira huɗu a rana ba.

Mijina ya ce zaɓe ba na mata ba ne, akwai cakuɗuwa. Me zan ce masa?

Hajiya, ki ce masa dokar zaɓe da kanta ta umarci jami'in rumfa ya raba layin maza da na mata a inda al'adar wurin ba ta yarda da cakuɗuwa ba, kuma haka ake yi a unguwanninmu. Masu ciki da masu goyo da tsofaffi da naƙasassu ana fara sallamarsu. Ki tuna masa shawarar Ummu Salama ce ta warware matsalar ranar Hudaibiyya, kuma Nana Asma'u 'yar Shehu ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauye-ƙauye suna karantar da mata tun kafin a san boko.

Ni damuwata ta wuce layi. Mata su ne suka fi cika rumfa, amma idan an zo zaman da ake yanke shawara ba a ganinsu, sai a ba su kujerar shugabar mata da aikin rabon atamfa. Alhali su suka san asibitin da ba ungozoma da dare, su suka san ajin da yara suke zaune a ƙasa. Ƙungiyar FOMWAN, da aka kafa a Minna a 1985, ta nuna abin da matan Musulmi za su iya da makarantu da asibitocinta, har a nan Jos. Duk kwamitin unguwa da ba mace a cikinsa, rabin labarin unguwar ne yake ji.

Mu matasa sai dai a ɗauke mu manna fosta da rakiya. Ta ina za mu shiga?

Ta gunduma. Tun Mayun 2018 aka rage shekarun takara: majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Amma abin da yawancinmu ba mu gane ba shi ne, ranar babban zaɓe zaɓi kawai muke yi tsakanin mutanen da wasu suka riga suka tace. Ainihin zaɓen yana wajen fidda gwani, kuma shugabannin jam'iyya na gunduma su ne masu wuƙa da nama. Ali Kazaure, Sarkin Arab, Abba Na Shehu, Ibrahim Katsina, Garba Daho, Gangare, Naraguta, kowace tana da shugabannin jam'iyya, kuma sau da yawa mutum ashirin ne suke zama su naɗa su a wani shago. Ku yanki katin jam'iyyar da ta kwanta muku, ku halarci taron, ku biya kuɗin ƙungiya da kanku don kar wani ya biya muku ya mallake ku. Malaman makaranta, ma'aikatan jinya, masu gyaran waya, 'yan kasuwar Katako, in kuka bar wurin, masu sara-suka ne za a cike shi da su. Yaran nan ma namu ne, ƙannenmu ne, kuma wanda yake ba su ƙwaya ranar kamfe nasa 'ya'yan suna makaranta.

To an gama zaɓe. Me ya rage mana kuma?

Yanzu aikin ya fara, kuma nan ne muka fi rauni.

Mu Musulmin Jos gwanaye ne wajen taimakon kai da kai. Mun gina makarantu da kuɗin karo-karo, 'yan agajinmu suna tsare masallatai da kai marasa lafiya asibiti, muna da kwamitocin marayu da na maƙabarta. Lokacin ambaliyar Yulin 2012 da ta ci rayuka a Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, matasan unguwa ne suka fara shiga ruwa. Wannan abin alfahari ne. Amma shekarun da muka yi muna jin an ware mu sun koya mana wata ɗabi'a: mu yi wa kanmu komai, mu daina tambayar gwamnati komai. Alhali harajin da ake karɓa a kasuwa da tasha namu ne, kason da ake turowa daga Abuja kowane wata da sunanmu ake turo shi.

Bari in ba da misalin layinmu. Kwalbatin da ke bakin layin ta rufta, duk damina ruwa yana shiga gidaje huɗu. Shekara uku muna zagi a majalisa, ba wanda ya taɓa rubuta ko layi ɗaya. Da muka tashi, sai muka rubuta takarda shafi guda, magidanta da matan gidajen suka sa hannu, muka haɗa da hotuna, muka yi kwafi uku. A ofishin da muka kai, mai karɓar wasiƙu ya ce mu ajiye mu tafi. Wani dattijo cikinmu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya ce, "Ɗana, buga mana hatimi a namu kwafin, ka sa kwanan wata." Bayan wata biyu muka koma aka ce ba a ga takardar ba. Dattijon ya zaro namu daga aljihun babbar riga, ga hatimi ga kwanan wata. Sau biyar muka je. A na huɗu mun tafi da mutanen layin bayanmu, waɗanda yawancinsu Kirista ne, don ruwan da ya bar ƙofarmu tasu yake faɗawa. An yi kwalbatin kafin damina ta gaba. Ba ta yi faɗin da muka so ba, amma ruwa ya daina shiga ɗaki.

Kayan aikin suna nan. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman bayani a rubuce daga hukuma, a amsa masa cikin kwana 7. Ana wallafa kason kowace ƙaramar hukuma duk wata. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce shugabannin riƙo ba sa bisa tsarin mulki. Aiwatarwar tana jan ƙafa, amma hukuncin hujja ce a hannunmu. Ayyukan mazaɓu na 'yan majalisar tarayya suna cikin kasafin kuɗi da sunan wuri da adadin kuɗi, hukumar ICPC mai yaƙi da rashawa kuma tana bin sawunsu tana karɓar ƙorafi. Kowace makarantar gwamnati ana son ta samu kwamitin iyaye da al'umma, kowane ƙaramin asibiti yana da kwamitin gunduma. Ka tambaya su waye a na unguwarku. Sau da yawa za ka tarar kujerun a buɗe suke.

Za mu iya yi wa ɗan majalisa kiranye?

Tsarin mulki ya yarda, a sashe na 69 ga 'yan majalisar tarayya, na 110 ga na jiha. Sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. Abu ne mai wuya. Yunƙurin da aka yi kan Sanata Dino Melaye a Kogi a 2018 a wajen tantance sa hannu ya mutu. Taron jin bahasi a unguwa duk wata shida, a gayyaci ɗan majalisa ya zo ya yi bayani a gaban jama'a da 'yan jarida, ya fi sauƙi kuma ya fi saurin haifar da ɗa mai ido.

Bayan duk abin da ya faru, ta yaya za mu zauna teburi ɗaya da waɗancan da muka yi rikici da su?

Wanda ya rasa ɗa ko gida ba a gaya masa ya manta, kuma neman a hukunta mai laifi haƙƙinsa ne. Amma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya halarci Hilful Fudul a Makka kafin aike, yarjejeniyar tsaya wa wanda aka zalunta ko waye shi, kuma bayan annabci ya ce da za a kira shi zuwa irinta zai amsa. A Yunin 2018, a ƙauyen Nghar da ke Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kirista sama da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana maharan shiga. Tattaunawar da al'ummomin Jos suka yi tsakanin 2013 da 2014, da hukumar gina zaman lafiya da jihar ta kafa a 2016, sun taimaka wajen sa shugabannin matasan unguwanni su riƙe lambar wayar juna. Na ga daren da jita-jita ta tashi, kira biyu tsakanin wani shugaban matasa na ɓangarenmu da takwaransa na tsallaken titi ya kashe ta kafin a rufe shaguna.

Mun tashi daga tsohuwar unguwarmu tun lokacin rikici, katina yana can, kuma ba na iya komawa. Yaya zan yi?

Baba, irinku suna da yawa a garin nan, ta kowane ɓangare, kuma da yawa sun haƙura da zaɓe saboda wannan. Ba sai ka koma ba, kuma kar ka sake sabuwar rajista, don rajista biyu laifi ce kuma na'ura tana gano ta. Abin da za ka nema shi ne sauyin rumfa. Idan INEC ta buɗe rajista, ka je ofishinta na ƙaramar hukumar da kake zaune yanzu da katinka, ka ce a mayar da kai rumfar da ta fi kusa da gidanka. Ana iya fara cikewa ta shafin hukumar a intanet, jikanka zai iya yi maka a waya. Wanda katinsa ya ɓace ko ya ƙone shi ma can zai nemi a sake masa. Kyauta ne, kar ka ba kowa ko sisi. Ana rufewa watanni kafin zaɓe, don haka a je da wuri, tun layin bai yi tsawo ba. Idan katin ya fito, kai da kanka za ka karɓa, ba a aike. Ka ajiye 'yar takardar da za su ba ka wuri ɗaya da takardun gida.